Tambaya da Amsa: Dattawa Sun Ce In Jira, Ni Kuwa Ina Jin Kira

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga jihar Damagaram, kuma a kan magana ɗaya suke, wato zaman jiran da mai bi yakan yi kafin a ɗanka masa hidima a cikin ikkilisiya. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya ta farko, daga wani saurayi a Sabon Gari, Zinder

Baba, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Shekaruna 26, na gama jami'a a nan Zinder, yanzu ina kabu-kabu kafin Allah ya kawo aiki. Shekara 3 ke nan da aka yi mini baftisma, kuma tun bara zuciyata take gaya mini cewa Ubangiji yana kirana ga aikin bishara. Da na kai maganar gaban dattawan ikkilisiyarmu, sai suka ce in dakata tukuna, suka ba ni ajin yara a makarantar Lahadi da sharar majami'a ranar Asabar. Ina da aboki a ƙetaren iyaka wanda ya buɗe tasa majami'ar, yana da mabiya da yawa a Facebook, yana kuma cewa in taho mu yi aiki tare, domin a ganinsa dattawan nan kashe mini baiwa za su yi. Na karanta cewa Bulus yana tuba ya fara wa'azi nan da nan. Shin idan na ci gaba da jira, ban saɓa wa Allah ba don in faranta wa mutane?

Amsa

Ɗana, na gode da wasiƙarka, kuma ban ɗauki wutar da ke cikin zuciyarka da wasa ba. Abin da ka karanta game da Bulus gaskiya ne, yana cikin Ayyukan Manzanni 9:20, inda aka nuna ya shiga majami'un Dimashƙu yana shaida cewa Yesu Ɗan Allah ne. Sai dai ka tsaya da karatun tun labarin bai yi nisa ba. Shi kansa Bulus ya faɗa a Galatiyawa 1:17-18 cewa ya tafi ƙasar Larabawa, ya komo Dimashƙu, sai bayan shekara 3 ya je Urushalima, inda ya yi kwana 15 wurin Bitrus. Da rayuwarsa ta shiga haɗari a can, 'yan'uwa suka tura shi garinsu Tarsus, ya zauna shekaru ba a jin ɗuriyarsa sosai, har sai da Barnaba ya tashi takanas ya je ya nemo shi ya kawo shi Antakiya. A Antakiyar ma shekara guda cur suka yi suna koyarwa a cikin jama'a, aka kuma aike su su kai gudummawa ga 'yan'uwan Yahudiya a lokacin yunwa, wato sai da aka gwada su da kuɗin jama'a. Bayan duk wannan ne, a Ayyukan Manzanni sura ta 13, ikkilisiya tana cikin sujada da azumi, Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe su, aka ɗora musu hannu aka sallame su. Tsakanin tubarsa a hanyar Dimashƙu da wannan rana akwai fiye da shekara 10.

Abin da ya kamata ka rarrabe shi ne ba da shaida da riƙon garke. Ba da shaida ba ya jiran izinin kowa. Mutumin da Yesu ya fitar wa aljanu a ƙasar Garasinawa ya roƙa ya bi shi, amma aka ce ya koma gida ya ba danginsa labarin abin da Ubangiji ya yi masa, ya kuwa tafi a ranar. Kai ma babu dattijon da ya hana ka wannan, kuma in akwai wanda ya hana ka, ya yi kuskure. Amma tsayawa a gaban jama'a a matsayin makiyayinsu, da karɓar baikonsu, wato kuɗin da suke bayarwa a majami'a, da jin asirin gidajensu, da yanke magana tsakanin miji da mata, wannan amana ce ta ikkilisiya, kuma mai amana shi ke da ikon ya ce ga lokacin da zai ba da ita.

Ka duba yadda Markus 3:14 ya jera dalilan da suka sa Yesu ya zaɓi almajiransa sha biyun nan. Dalili na farko shi ne su zauna tare da shi, aikensu wa'azi shi ya biyo baya. Waɗannan mutane sun ci sun sha da Ubangiji, sun ga tashinsa daga matattu da idanunsu, duk da haka da zai koma sama ya ce kada su bar Urushalima, su jira alkawarin Uba. Idan da akwai waɗanda za su iya cewa sun shirya, ai su ne. Suka koma bene suka yi kwana 10, mutum wajen 120, maza da mata, har da Maryamu uwar Yesu, suna nacewa ga addu'a da zuciya ɗaya, a ciki kuma suka zaɓi Matiyas a gurbin Yahuza. Ba kowa ne ya shige ɗakinsa shi kaɗai yana jiran wahayi ba, tare suka yi jiran, suna kuma gyara abin da ya ɓaci a tsakaninsu.

Akwai kuma wanda jira ya gagara, ina so ka karanta labarinsa a 1 Sama'ila 13. Sarki Saul ya jira Sama'ila kwana 7 a Gilgal, jama'a suka fara watsewa, Filistiyawa kuma sun yi sansani a Mikmash, sai ya miƙa hadayar da kansa. Yana gamawa sai ga Sama'ila. Abin da ke ba ni tsoro a labarin shi ne dalilan Saul duk masu kama hankali ne, domin da gaske mutane suna gudu, da gaske kuma abokan gaba sun matso. Mai gaggawa a aikin Allah bai cika rasa hujja mai kyau ba, rayuka suna hallaka, lokaci yana ƙurewa, dattawa sun cika nawa. Duk yana iya zama gaskiya, mutum kuma ya ɗauki abin da ba a ba shi ba.

Yanzu bari mu dawo Damagaram, domin a nan ne maganar ta fi nauyi. A 1 Timoti 3 Bulus ya lissafa abin da ake nema ga mai kula da ikkilisiya, kuma in ka bi jerin a hankali za ka ga gwaninta ɗaya ce tak a ciki, wato iya koyarwa, sauran kusan duk hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, rashin faɗa, rashin son kuɗi, iya riƙon gida. Aya ta 6 ta ce kada ya zama sabon tuba, don kada girman kai ya ɗebe shi. Aya ta 7 kuwa ta ce lalle waɗanda ba na ikkilisiya ba su shaide shi da kirki. A babban birni mai yawan majami'u mutum zai iya ɓuya a cikin taro, amma a garin da masu bi ba su da yawa kamar namu, kowane maƙwabci ya san ƙofar gidan Kirista, kuma da halinka zai auna bisharar da kake ɗauke da ita tun kafin ka buɗe baki. Saboda haka babur ɗin da kake ganin kamar yana ɓata maka lokaci, a wurina wani ɓangare ne na jarrabawarka. Tsohuwar da ta zo daga ƙauye ka ɗauko ta daga Kasuwar Dole, ba ta san kuɗin hanya ba, nawa ka karɓa a hannunta? Fasinjan da ya sauka ya manta canjin dala goma, ka kira shi ko ka ja babur? Mai shagon unguwa da kake cin bashi a wurinsa, da samarin fadar da kuke shan shayi tare, da mai gidan da kake haya, me za su ce idan wani dattijo ya je ya tambaye su a asirce? Mabiyan Facebook ba su da amsar ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi.

Duk wanda ya ga ranar Jumma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a Zinder, washegari kuma a Yamai, ya san abin da nake nufi. A cikin wannan tashin hankali an sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu, kuma irin wannan amincewa shekarun zaman tare ne suke haifar da ita, gaisuwar biki da ta mutuwa, da cika alkawari, da biyan bashi. Bayan wutar ta mutu, abin da jama'ar Allah suka fi bukata shi ne shugabannin da za su iya haɗiye fushi, su koya wa matasa yafiya, su zauna a kan tabarma ɗaya da malamai da sarakuna su yi magana cikin ladabi. Iya zance a kan bagade ba ya ba mutum wannan.

Ka kuma tuna cewa aikin da kake son shiga an gina shi ne a kan haƙurin wasu. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasashen Sudan, wato yankin nan namu da ke kudu da hamadar Sahara, cikin shekara guda biyu daga cikinsu suka rasu, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Sai a 1902 mishan ɗin da ya kafa, wanda aka sani da SIM, ya sami tashar farko a Fategi ta Najeriya, sai kuma a 1924 ya iso Zinder. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, asibitin Galmi ya buɗe a 1950, ikkilisiyar 'yan ƙasa ta EERN kuwa sai a farkon shekarun 1960 ta tsaya da sunanta. Mutane da yawa sun ƙare rayuwarsu a cikin wannan aiki ba su ga majami'a ta cika ba.

To, me za ka yi da wannan lokaci? Ka tsayar wa kanka sa'ar addu'a da ba ta motsi, da asuba kafin ka fitar da babur ya fi, domin da rana ta ɗaga neman abinci ba zai bar ka ba. Ka karanta Littafi Mai Tsarki daga Farawa zuwa Wahayi a jere, ban da tsallake wuraren da ba su da daɗin wa'azi. Ajin yaran nan kuma ka riƙe shi da hannu biyu, don wanda ya iya bayyana wa ɗan shekara 7 ma'anar gafara har yaron ya maimaita wa uwarsa a gida, ya iya koyarwa, yara kuwa ba sa yi wa malami kara, in ka gundure su za ka gani a fuskarsu nan take. Ka roƙi fasto ya riƙa tafiya da kai gaida marasa lafiya da zaman makoki, ka zuba ido ka ga inda yake magana da inda yake yin shiru. An san Elisha a Isra'ila da cewa shi ne mai zuba wa Iliya ruwa a hannu kafin a san shi da annabci. Daga cikin dattawan kuma ka zaɓi guda wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, ka buɗe masa cikinka game da kuɗi da mata da fushi, domin waɗannan uku sun kayar da masu baiwa fiye da yadda tsanani ya kayar.

Ina kuma ba ka shawara ka koma wurin dattawan, cikin ladabi, ka tambaye su abin da suke so su gani a wurinka da lokacin da za su sake zama a kan maganarka. Wannan ba rashin kunya ba ne. Idan niyyarka makarantar Littafi Mai Tsarki ce, irin ta Agye, ka sani cewa irin waɗannan makarantu sukan nemi shaidar ikkilisiyar da mutum ya fito, don haka hanyar ta hannun dattawan nan za ta bi ko ta yaya. Game da abokinka, ban san shi ba, ba zan yanke masa hukunci ba. Amma kafin ka ɗaure kaya ka tambaye shi abu biyu: wane ne yake da ikon tsawata masa ya ji, kuma su wa suke ƙirga baiko ranar Lahadi. In amsar duka biyun ita ce shi kansa, ka zauna inda kake.

Tambaya ta biyu, daga wata 'yar'uwa a Mirya

Baba, ni da maigidana mun amince za mu shiga aikin Ubangiji tare, ikkilisiya kuma ta ce mu jira sai an sami kuɗin tura mu makaranta. Ban ƙi jiran ba, amma addu'ata ta bushe. Da nakan yi addu'a har da hawaye, yanzu kuwa ina durƙusawa sai barci ko tunanin tukunya. Ko wannan alama ce cewa ba a kira ni ba?

Amsa

'Yata, ba alama ba ce. Da farko ina so in tambaye ki sa'a nawa kike barci. Macen da ta raba dare tana jiran famfo ya kawo ruwa, ta tashi da asuba ta hura wuta, ta wuni da yara a cikin zafin bazara, in ta durƙusa barci ya ɗauke ta, gajiya ce, kada ta ɗora wa kanta laifin rashin bangaskiya. A 1 Sarakuna 19, da annabi Iliya ya karai har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara ba shi shi ne barci da waina da tulun ruwa, har sau biyu, magana ta zo daga baya. Ki faɗa wa maigidanki wannan, in kuwa da gaske yana shirin kiwon jama'a, to ya fara da ɗauke miki wani abu daga cikin aikin gida.

Bushewar addu'a kuma ba baƙuwa ba ce ga bayin Allah. A Zabura 13 Dawuda ya tambayi Ubangiji har yaushe, sau huɗu a jere, kuma an bar wannan kuka a cikin littafin waƙoƙin sujada domin jama'a su riƙa rerawa. Ranar da kika rasa kalmomin kanki, ki ari nasa. Ki buɗe Zabura ki karanta ɗaya da murya, ki bi da Addu'ar Ubangiji a hankali, ki ambaci mutum uku ko huɗu da sunayensu, ki tashi, ko da zuciyarki ba ta motsa ba. Yakubu 5:7 ya ba da misalin manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe, mu kuwa a ƙasar nan mun san manomin da yake yin binne, ya zuba irin hatsinsa a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta nuna alamar hadari ba, ya koma gida ba tare da ya ga ko tsiro ɗaya ba. Addu'ar da aka yi ba tare da jin daɗi ba irin wannan shuka ce.

Kada kuma ki ɗauki nauyin ke kaɗai. A cikin zumuntar mata ki nemi biyu da kika amince da su, ku sa rana ɗaya a mako ku haɗu, ko da rabin sa'a ne bayan la'asar, ki gaya musu gaskiyar halin da kike ciki. Mai yiwuwa za ki tarar cewa tsohuwar da kike ganin ba ta taɓa gajiya da addu'a ba ta bi ta wannan hanya shekaru da yawa kafin ke. Wata rana, in Allah ya kai ku aiki, wata yarinya za ta zo miki da wannan tambaya, kuma da abin da kika koya a wannan lokaci za ki amsa mata.

Tambaya ta uku, daga wani dattijon ikkilisiya a Magarya

Malam, matasanmu suna barinmu suna cewa mun danne su. Mu kuwa tsoro muke ji kada mu ɗora wa yaro hannu da gaggawa. Har tsawon wane lokaci ya kamata mu riƙe mai neman hidima?

Amsa

Ɗan'uwana, tsoronku yana da tushe a 1 Timoti 5:22, amma wasiƙar da ta hana gaggawar ɗora hannu ita ce kuma ta ce wa Timoti, a 4:12, kada ya bari kowa ya rena ƙuruciyarsa. Littafi bai yanka adadin shekaru ba, abin da ya ce shi ne a gwada mutum tukuna, gwaji kuwa yana da abin da ake dubawa da ranar da ake faɗin sakamako. Idan kuka ce wa saurayi ya jira, kuka ba shi tsintsiya, shekara ta zagayo babu wanda ya zauna da shi ya buɗe Littafi, babu wanda ya ce masa ga inda ka ci gaba, ga inda ka gaza, to ba horo kuke yi ba, ajiye shi kuka yi. Wani lokaci ma, mu faɗi gaskiya tsakaninmu tsofaffi, kishi ne yake sanye da rigar hikima, don yaron ya fi mu karatu ko jama'a sun fi sauraronsa.

A wannan fanni akwai abin koyo a wurin 'yan'uwanmu Katolika. Hanyarsu doguwa ce, shekaru na karatun falsafa da tauhidi tare da zaman koyon aiki a cikin jama'a, dokarsu kuma ba ta yarda a naɗa firist ba sai ya cika shekara 25, sai kuma ya yi aƙalla wata 6 yana dikon, wato matakin da ke ƙasa da firist. Amma mai shiga ya san matakan tun daga ranar farko, shi ya sa tsawon hanyar bai cika zama abin gunaguni ba. Ba sai mun kwafi tsarinsu ba, amma babu abin da zai hana majalisar dattawa ta rubuta nata a takarda ɗaya, ta karanta wa matasa.

Ku kuma bar wurin kuskure. Yahaya Markus ya gudu daga tafiyar bishara ta farko, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa, Barnaba ya ɗauke shi suka tafi Kubrus, daga baya kuma Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Afolos ya iso Afisa da iya magana amma iliminsa da saura, Bilkisu da Akila ba su sauko da shi a gaban jama'a ba, sun ja shi gefe suka ƙara masa bayani.

Shawarata ita ce ku haɗa kowane saurayi mai neman hidima da dattijo ɗaya da zai amsa tambaya a kansa. Ku ba shi jagorancin addu'ar tsakiyar mako, bayan wasu watanni ku ba shi minti 15 ya yi bayanin nassi, dattijon yana zaune yana saurare, washegari kuma ya kira shi gida su bi abin da ya faɗa aya bayan aya. Ku tura shi ƙauye tare da mai bishara a lokacin rani, ku ba shi ɗan kuɗin hanya ku ga ko zai kawo lissafi ba tare da an tambaye shi ba. Duk wata 6 majalisa ta zauna da shi, a rubuta abin da aka faɗa a littafin ikkilisiya, a kuma gaya masa ranar zama na gaba kafin ya tashi.